Kaset ɗin kwamfuta: tambayoyin da masu ɗaukar bidiyo ke yi mini a Katsina

Watan jiya wani abokina mai ɗaukar bidiyon biki a wajen Ƙofar Ƙaura ya shigo shagona da faifan kwamfuta guda biyu da suka ƙi tashi. Hawan Sallah na shekara huɗu yana ciki, har da bikin 'yarsa. Da ƙyar muka ceto guda. Da na ce masa manyan ma'ajiyun duniya a kaset suke adana irin wannan kaya, sai ya yi sororo. Tambayoyinsa ne na tattara a nan, da na wasu abokan sana'arsa.

Kaset kuma, Malam? Irin wanda muke sa wa'azi a rediyon mota?

Danginsa ne: zare mai maganaɗisu da ake naɗewa. IBM ya fara sayar da injin kaset na kwamfuta tun 1952. Wanda ake yayi yau sunansa LTO, haɗin gwiwar HP da IBM da Seagate, ya fito a 2000 yana ɗaukar gigabayit 100. LTO-9 na 2021 yana ɗaukar terabayit 18 (kowane terabayit gigabayit dubu ne), a zare mai faɗin rabin inci da tsawon kusan kilomita guda, cikin ɗan akwatin da bai wuce tafin hannu ba sosai. Za ka ga an rubuta terabayit 45 a kwalinsa. Wannan sai in an matse bayanai, bidiyonka kuwa tuni kyamara ta matse shi, don haka ka yi lissafi da 18.

Na ga wasu ƙanana a kayan gwanjo. Su fa?

QIC ne na kamfanin 3M daga 1972, ko DDS na Sony da HP daga 1989, ko DLT. Duk zamaninsu ya wuce. Kada ka zuba sabon aiki a kansu.

Me ya fi faifai da shi?

Faifai yana da ɗan injin juyawa da allura a cikinsa, kowanne na iya mutuwa, wuta kuma in ta zo da ƙarfi ta ƙone shi. Kaset in ka zare shi ka ajiye a kanta, ba ruwansa da wuta, kuma ɓarayin intanet masu kulle fayil su nemi kuɗin fansa ba su da hanyar kai masa. Masu ƙera zaren, Fujifilm da Sony, suna cewa yana kai shekara 30 in an adana shi da kyau. A 2011, da wata matsala ta share saƙonnin wasu masu Gmail, daga kaset Google ya dawo da su. Cibiyar binciken CERN da ke Turai ma a kansa take tara sakamakon gwaje-gwajenta.

Ta yaya fayil ke zama a ciki?

A jere, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya taɓa juya kaset da biro yana neman wurin da malami ya fara tafsiri ya san abin: in fayil ɗinka yana can ƙarshe, sai inji ya naɗe zare ya kai. Shi ya sa ba a gyaran bidiyo a kansa. Tun 1979 masu Unix, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, suna amfani da manhajar tar wajen ɗaure fayiloli da yawa su zama dami guda kafin a zuba. Dabarar tana da amfani har yau, domin injin yana son a riƙa ba shi kaya ba yankewa. In ka ba shi ƙananan hotuna dubbai ɗai-ɗai, sai ya dinga tsayawa yana komawa baya, zare da kan inji su gaji. Daga LTO-5 na 2010 aka samu LTFS, wanda ke nuna kaset a allo kamar filash, da sunayen fayiloli. Shi na fi so wa mai shago. Amma ka sani, in ka goge fayil wurinsa ba ya dawowa sai ka share kaset ɗin duka.

To in na ajiye, bayan shekara 20 jikokina za su kalla?

Nan ne nake son a saurare ni da kyau. Zaren zai iya kaiwa, injin da zai karanta shi ne abin tsoro. Har zuwa LTO-7, inji yana karanta kaset na zamani biyu da suka gabace shi. Daga LTO-8 aka rage: shi yana karanta LTO-7 kawai a cikin na baya, LTO-9 yana karanta LTO-8. Kaset ɗin LTO-5 da ka rubuta a 2012 ba zai buɗu a sabon inji ba. Mun ga haka da kaset ɗin bidiyon bukukuwan iyayenmu: suna nan a akwati, na'urar kallo ce ta ɓace daga kasuwa. Dole ne duk bayan 'yan shekaru a kwashe kaya zuwa sabon zamani tun tsohon inji yana da rai.

Sai rajista. Ka rubuta lamba a jikin kowane kaset, ka sami littafi ka rubuta abin da ke ciki, da ranar, da manhajar da ka yi amfani da ita. In ka kulle shi da kalmar sirri, abin da ake iya yi tun LTO-4, ka sanar da wani amintacce. Ina damuwa da wannan ƙwarai, domin masu ɗaukar hotunan tsofaffin littattafan zuri'ar malaman Katsina da muryoyin dattawa sukan bar komai a kan mutum guda.

Zafin garinmu da ƙurar hunturu fa?

Kaset yana son sanyi, wajen digiri 16 zuwa 25, mu kuwa a bazara mukan haura 40. Kada ka bar shi a mota ko a shagon kwano. Ka samar masa ɗaki na ciki mai sanyi, cikin robarsa, a tsaye, nesa da manyan lasifikoki. Inji kuma a rufe shi saboda ƙura, a riƙa sa masa kaset ɗin goge kai idan ya nema, a haɗa shi da batirin ko-ta-kwana don kada a ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu. Ka yi kwafi biyu, ka aika ɗaya wajen ɗan'uwanka a Daura.

In saya ke nan?

Kaset yana da araha, injin ne ke da tsada, ga shi yawanci sai ka ƙara kati mai suna SAS a kwamfutarka. Mai terabayit biyu ko uku ya sayi faifai biyu ya raba musu wuri. Gidan rediyo, jami'a ko gidan tarihi kuwa, ya kamata su duba. Abokin nawa ya ce zai tuntuɓi 'yan ƙungiyarsu su yi karo-karo su sayi inji guda, kowa ya riƙa kawo kaset ɗinsa.