Gandun Shaƙatawa na Bennett Spring

Bennett Spring gandun shaƙatawa ne mallakar jihar Misuri ta ƙasar Amurka. Yana tsakanin gundumomin Dallas da Laclede, kimanin kilomita 19 yamma da garin Lebanon, cikin tsaunukan Ozark, kuma faɗinsa ya haura eka 3,000. An san shi da kamun kifin tirawut da kuma iyalai masu zuwa su kafa tanti su kwana. Yana ɗaya daga cikin wurare huɗu da jihar ta keɓe domin kamun wannan kifi. Sauran su ne Montauk da Roaring River da Maramec Spring.

Maɓuɓɓugar

Tushen komai a wurin shi ne idon ruwan da gandun ya ci sunansa. Ruwa na ɓulɓulowa daga wani kogo mai zurfi a ƙarƙashin duwatsu, kimanin galan miliyan 100 a kowace rana, wato kusan lita miliyan 380. Wasu na sa shi na uku a girma cikin maɓuɓɓugan jihar, wasu na huɗu. Daga nan yake kwarara tafiyar kusan kilomita biyu da rabi kafin ya faɗa Kogin Niangua. Sanyinsa ba ya canzawa sosai, yana tsayawa wajen digiri 14 a ma'aunin Selshiyas ko da zafi ko da hunturu, kuma wannan ne ya sa tirawut ke iya rayuwa a cikinsa, domin kifi ne da ba ya jure ruwa mai ɗumi.

Tarihi

Kafin zuwan Turawa, yankin yana cikin ƙasar farautar mutanen Osage. A tsakiyar ƙarni na 19 baƙi manoma suka fara zama a kwarin, suka ga ƙarfin ruwan zai iya juya dutsen niƙa. Ana danganta maniƙa ta farko ga James Brice, wajen 1846, kuma da sunansa aka fara kiran maɓuɓɓugar da ƙauyen da ya tashi a gefenta. An gina wasu maniƙan bayan tasa, ambaliya da gobara suka riƙa cinye su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fi bunƙasa ita ce ta Peter Bennett, mijin 'yar Brice, wanda ake tunawa da shi saboda rabon hatsi ga iyalai mabukata a lokacin Yaƙin Basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Sannu a hankali sunansa ya danne na surukinsa.

A nan ne al'adar kwana a bakin ruwan ta samo asali, tun kafin a yi tunanin gandu. Bayan girbi, manomi kan ɗora buhunan masara ko alkama a keken doki, ya ɗauko mata da yara, su yi doguwar tafiya zuwa maniƙa. Layi kan yi tsawo, jira ya kai kwanaki. Sai su yada zango a ƙarƙashin itatuwa, a hura wuta, maza su tafi farauta ko fatsa, a gaisa da mutanen da ba a gani ba tun bara. Iyalin da ke zuwa yau da tanti a bayan mota, a gaskiya kan sawun waɗancan manoma suke.

Shi kansa tirawut baƙo ne a Misuri. Nau'in da ya fi yawa a gandun, mai jan layi a gefen jiki da ɗigo-ɗigo baƙaƙe a baya, asalinsa kogunan yammacin Arewacin Amurka ne masu gangarawa Tekun Fasifik. A 1900 kwamishinan kifi na jihar ya sa aka zuba tirawut 40,000 a ruwan, suka karɓi wurin, masu fatsa suka fara tururuwa. Tsakanin 1924 da 1925 gwamnatin jiha ta sayi maɓuɓɓugar da filayen kewayenta, ya zama cikin gandunan farko na Misuri.

Kamannin da wurin yake da su yau aikin shekarun 1930 ne. A lokacin karayar tattalin arziki, shugaba Franklin Roosevelt ya kafa rundunar samar wa matasa aiki da ake kira CCC a 1933, kuma wata tawagarta ta zauna a Bennett Spring. Su suka gina zauren cin abinci, da ɗakunan kwana, da rumfuna, da hanyoyi, da gadar dutse mai bakuna da ta ratsa rafin. Da hannu suka sassaƙa duwatsun yankin suka jera su, kuma ingancin aikin ya cancanci yabo, ganin yawan ambaliyar da ta bi ta kansa yana nan tsaye. An sa wasu daga cikin gine-ginen a rajistar wuraren tarihi ta ƙasa a 1985.

Kamun kifi

Lokacin kamu yana farawa ranar 1 ga Maris ya ƙare 31 ga Oktoba. Ranar buɗewa biki ce a Misuri: tun da duhu mutane ke jeruwa kafaɗa da kafaɗa a bakin rafin da kan madatsar ruwa, sanye da dogayen takalman roba masu kaiwa ƙirji, wani lokaci ga ƙanƙara a ƙasa, kowa riƙe da sandarsa yana jiran jiniya. Da ta kaɗa ƙarfe 6:30 na safe sai a jefa ƙugiya gaba ɗaya. Kowace rana ta lokacin kamu da jiniya ake buɗewa, da ita ake rufewa.

Mai kamu sai ya sayi takardar izini ta wannan rana ya maƙala ta inda za a gani, galibi a hula ko a bayan riga, kuma ba zai wuce kifi huɗu ba. An raba rafin kashi uku. Daga maɓuɓɓuga zuwa madatsa ba a yarda da komai ba sai ƙugiyar da aka naɗe da gashin tsuntsu da zare ta yi kama da ƙwaro. A kashi na biyu an ƙara da sauran abubuwan yaudarar kifi na ƙira. Kashi na uku, daga gadar da ake kira Whistle zuwa Niangua, shi ne na tana da ƙullu da makamantansu, kuma can iyaye suka fi kai ƙananan yara. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu akwai lokacin hunturu na wasu ranakun mako, wanda duk abin da aka kama sai a mayar da shi ruwa. Tun 2012 an hana shiga ruwan da takalma masu tafin da ke tsotsar ruwa, don gudun yaɗa wata muguwar gansakuka da ke lulluɓe duwatsun rafi.

Sashen kula da namun daji da kifaye na jihar ne ke da gidan ƙyanƙyasar kifin da ke cikin gandun, kuma kowane dare a lokacin kamu ake zuba sababbin kifaye gwargwadon yawan mutanen da ake sa ran gani washegari. Wasu masu fatsa na ganin wannan ya sauƙaƙa abin fiye da kima. Wasu na cewa shi ya sa yaro ɗan shekara shida ke iya kama kifinsa na farko.

Zango da sauran abubuwa

Akwai filayen zango biyar, wasu na tanti zalla, wasu da wutar lantarki da ruwa domin motoci masu ɗakin kwana, ga kuma ɗakunan haya. A ƙarshen mako na lokacin zafi da ranar buɗewa sai an kama wuri tun da wuri. Ana tuƙa kwalekwale a Niangua, kuma akwai hanyoyin tafiya a ƙafa. Wadda aka fi sani tana da tsawon kusan kilomita 12 zuwa da dawowa, tana kaiwa ga wani ramin dutse mai tsawon kimanin mita 90 da ruwa ya huda da kansa.