Gyaran daji domin ɓeran barci a Ingila

Ɓeran barci, wanda masana kimiyya ke kira Muscardinus avellanarius, ɗan ƙaramin dangin ɓera ne mai launin ruwan zuma da jela mai gashi. Nauyinsa wajen giram 20 ne, sai gab da sanyi yake ƙiba. Da dare yake kiwo a kan rassa, da wuya ya sauko ƙasa, kuma daga wajen Oktoba zuwa Afrilu barci yake yi. A Ingila masu aikin sa kai suna gyara dazuzzuka domin ya samu wurin zama.

Tarihi

Shekaru aru-aru mutanen karkarar Ingila suna sare itacen hezal, wani ƙaramin itace mai ƙwaya da ake ci, daga gindi, su bar kututturen ya yi toho, bayan kamar shekara bakwai zuwa goma su dawo su sake sara. Da sandunan suke saƙa shingen tumaki da bangon ɗaki, su kuma ƙona gawayi. Ana kyautata zaton al'adar ta samo asali tun zamanin kayan aikin dutse.

Masu saran ba don ɓera suke yi ba, amma shi ma ya ci moriya. Da yake kowace shekara yanki ɗaya ake sarewa, daji ba ya rasa wurin da rana ke shiga, furanni da ƙayoyi masu 'ya'ya su fito, ga kuma tsohon yanki mai ba da ƙwayar hezal. Wannan shi ne abin da ɓeran ke bukata, domin cikinsa ba ya narkar da ganye sosai: furanni yake ci bayan ya farka, sai ƙwari, sai 'ya'yan itace da kaka. A ƙarni na 20, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sana'ar ta ja baya ƙwarai, manyan itatuwa suka rufe sama, inuwa ta kashe na ƙasa.

Aikin yau

Da sanyi ake saran, yanki kaɗan kaɗan, kuma tazarar takan kai shekara 15 zuwa 20 saboda hezal yakan ɗauki wajen shekara bakwai kafin ya yi 'ya'ya. Ana barin rassa su haɗe ta saman hanyoyi, a kuma kare toho daga barewa da shinge ko tarin rassa. Ana rataye akwatunan sheƙa, ƙofarsu na fuskantar jikin itace. Dokar kare namun daji ta Birtaniya ta 1981 ta kare dabbar, sai mai lasisi ke taɓa ta.

Mayarwa daji

An fara sakin ɓerayen barcin da aka kiwata a 1993 a dajin Brampton da ke Cambridgeshire.

Yawansa

Rahoton ƙungiyar People's Trust for Endangered Species na 2023 ya nuna raguwar kashi 70 cikin ɗari tun daga 2000. Ana ɗora laifin a kan lalacewar daji, yankewar shingayen gonaki da sauyin yanayi. Ba a daidaita kan wanda ya fi nauyi ba.