Ciwon Giyan-Bare da maganar ruwa: ga amsa, a daina tare ni a bakin ƙofa

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Gusau, kuma bakina ya gaji da maimaita waɗannan amsoshin ga 'yan uwan masu ciwon Giyan-Bare.

Shan inna ne?

A'a. Ba kuma jifa ba ne. Garkuwar jikin majinyacin ce ta juya ta afka wa jijiyoyinsa, galibi mako ɗaya zuwa uku bayan gudawa ko mura. Raunin galibi daga ƙafa yake farowa ya hau sama. Likitocin Faransa sun bayyana shi tun 1916.

Ina ruwan ciwon jijiya da gishirin jini?

Wani sinadari da jiki ke fitarwa, ADH, shi ne ke sa ƙoda ta riƙe ruwa. In ciwon ya tsananta yakan yi ta zuba fiye da kima, ruwa ya taru, sodiyam, wato gishirin jini, ya faɗi ƙasa da 135 a gwajin jini. Miyar da aka cika wa ruwa ke nan: gishirin na ciki, amma ta yi salam.

To, mu ƙara masa gishiri a kunu?

Kada ku soma.

Yana kukan ƙishirwa, ga zafin Afrilu, an ce a rage masa ruwa. In ba shi ko in hana?

Hajiya, na san abin da ciwo. Amsar ta danganta. Idan jikin ne ya riƙe ruwa, ƙari zai iya jawo ruɗewa, har jijjiga. Amma wani lokacin ƙoda ce ke zubar da gishiri tare da ruwa, shi kuwa wannan ƙarin ruwa mai gishiri yake bukata, hana shi ne zai cutar da shi. Lambar sodiyam ɗin ɗaya ce a duka biyun, sai an duba fitsari da bugun jini. Shi ma bugun jinin ba abin yarda ba ne, don ciwon kan sa ya hau ya sauka cikin mintuna. Ga IVIG, maganin ciwon da ake ba shi ta jijiya, shi ma yakan rage lambar sodiyam. Kuma ko an gano dalilin, a hankali ake ɗaga sodiyam, bai wuce 8 zuwa 10 a kwana ɗaya ba, gaggawa na lalata ƙwaƙwalwa. Yau a ce rage, jibi a ce ƙara, ba rikicewa likita ya yi ba. Kafin nan ki jiƙa masa leɓe da auduga. In yana ƙwarewa wajen haɗiya, ko cokali ɗaya kada ki ba shi.

Me ya sa aka saka masa robar fitsari?

Mafitsara ta daina matsewa. Kuma muna auna abin da ya fita, ku bar zubar da jakar a ɓoye.

Rubutu fa?

Ruwa ne, Malam. Nuna mini kofin in lissafa.