Tsarewa kafin shari'a a arewacin Kamaru

Tsarewa kafin shari'a ita ce riƙe wanda ake zargi a ofishin 'yan sanda, barikin jandarma ko gidan yari tun kotu ba ta same shi da laifi ba. A yankunan Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa, wannan batu ne kan gaba wajen masu fafutukar gyaran shari'ar laifuka, domin masu jiran shari'a sun daɗe suna rinjayar waɗanda aka yanke wa hukunci a gidajen yarin ƙasar. Yawancin ƙorafin a yau ba na rashin doka ba ne. Dokar tana nan da wa'adinta, ƙidayar kwanakin ce ba a yi.

Tarihi

Kamaru ta gaji tsari biyu. Yankin masu Faransanci, har da arewa baki ɗaya, yana bin tsohuwar dokar binciken laifuka ta zamanin Faransa, yankin masu Ingilishi kuma dokar da aka ɗauko daga kundin Najeriya na 1958. A tsarin farko, mutum kan shekara yana jiran a gama bincike ba tare da wata iyaka tsayayya ba. An haɗe tsarin biyu cikin doka mai lamba 2005/007 ta 27 ga Yuli 2005, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2007. Kafin nan, a ƙarshen 2004, an ɗauke gidajen yari daga ma'aikatar cikin gida aka miƙa wa ma'aikatar shari'a.

Arewa na da nata gadon. Dokar kiyaye zaman lafiya ta 19 ga Disamba 1990 ta ba gwamna da shugabannin mulki na yanki ikon tsare mutum kwana 15, da damar sabuntawa, da sunan yaƙi da manyan 'yan fashi. An yi amfani da ita sosai a shekarun masu tare hanya. A Marwa ne ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta MDDHL, wadda Abdoulaye Math ya jagoranta, ta yi fice wajen tattara labarin waɗanda aka kama a wancan lokaci. Shirin PACDET na Tarayyar Turai, wanda ya soma a farkon shekarun 2000, ya biya lauyoyi su bi fayil ɗin fursunonin da aka manta da su.

Wa'adin da doka ta yanka

Tsarewar bincike, wato garde à vue da Faransanci, awa 48 ce, ana iya sabunta ta sau ɗaya. Bayan haka sai da izinin mai gabatar da ƙara a rubuce, shi ma sau biyu kawai. Masana sun saɓa kan jimillar: wasu na cewa kwana 6, wasu 8. Ana ƙara awa 24 ga kowace kilomita 50 tsakanin inda aka kama mutum da inda za a tsare shi, abin da ke da tasiri a ƙauyukan gundumar Logone da Shari masu nisa da hedikwatarta Kuseri. Ba a fara tsarewar ranar Asabar, Lahadi ko ranar hutu sai a babban laifi ko kamun dumu-dumu. Wannan ne ya sa kamun yammacin Juma'a ya yi ƙaurin suna: wanda ya shiga hannu a lokacin yakan kwana ciki har Litinin.

Idan alƙalin bincike ya tura mutum gidan yari, takardar tsarewar ba ta wuce wata 6. Yana iya ƙara wata 6 a matsakaicin laifi ko wata 12 a babba, wato iyaka wata 12 ko 18. Matsalar tana ɓullowa bayan an miƙa fayil ga kotu, inda ɗage zama ke bin ɗage zama: yau mai shaida bai zo ba, gobe babu motar kawo fursuna, jibi babu tafinta. Ana shari'a da Faransanci, alhali yawancin waɗanda ake tuhuma Fulatanci, Hausa, Kanuri ko Larabcin Shuwa suke ji.

Dokar yaƙi da ta'addanci ta 23 ga Disamba 2014 ta fita daga wannan lissafi gaba ɗaya. Ta ba da kwana 15 da ake sabuntawa, ta kai farar hula kotun soja, ta tanadi hukuncin kisa.

Hanyoyin fitar da mutum

Hanya mafi sauri ita ce ƙarar neman saki nan take. Ana rubuta wa shugaban babbar kotun yankin da aka kama ko ake tsare da mutumin, kwafi huɗu, a ajiye wurin magatakardan kotu, babu kan sarki. Ba dole ne wanda ke ciki ya rubuta ba, ɗan'uwa ko maƙwabci na iya yi a madadinsa. Abin da ke kashe irin wannan ƙara shi ne rashin kwanan wata. Shi ya sa lauyoyi kan fara da neman kwafin takardar tsarewa daga ofishin rajistar gidan yari, su ƙirga watannin da yatsa.

Akwai kuma waɗanda wa'adinsu ya cika amma tara da kuɗin kotu suka riƙe su. Ɗaurin bashin kotu yana farawa daga kwana 20 ga abin da bai wuce sefa 10,000 ba, ya kai shekara 5 ga abin da ya haura miliyan 5. Ba ya hawa kan mai ƙasa da shekara 18, wanda ya wuce 60, ko mai juna biyu. Nan ma akwai tarko, domin yaron da ba shi da takardar haihuwa da wuya ya tabbatar da shekarunsa.

Dokar 2009 ta tanadi lauya kyauta ga marasa hali, sai dai kaɗan ne ke cin gajiyarta.

Bayan 2014

A rahotonta na Yuli 2016, Amnesty International ta ce gidan yarin Marwa, wanda aka gina don mutum 350, yana ɗauke da kusan 1,500. Kan kamen ƙauyukan Magdeme da Duble na 27 ga Disamba 2014, gwamnati ta amince mutum 25 sun mutu a tsare, ƙungiyar kuwa ta ce fiye da 130 sun ɓace.

Shari'ar da masu sauraron Hausa suka fi sani ita ce ta Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI. An kama shi a Marwa ƙarshen Yuli 2015, kotun soja a Yawunde ta ɗaure shi shekara 10 a Afrilu 2017, ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin wata 24, ya fito a Disamba 2017.

Baƙi

Ɗan gudun hijirar Najeriya da aka samu a wajen sansanin 'yan gudun hijira na Minawao ba takarda yakan faɗa cikin zargi biyu, na shiga ƙasa ba izini da na alaƙa da Boko Haram. Human Rights Watch ta yi zargin korar 'yan Najeriya 100,000 daga Kamaru a rahoton 2017, gwamnati ta musanta.

Buƙatun masu fafutuka

Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na ACAT da REDHAC, da lauyoyi, na neman a daina kai farar hula kotun soja. Suna kuma matsa wa a fara aiki da hukuncin aikin gayya na awa 200 zuwa 240 da kundin laifuka na 2016 ya kawo a madadin ɗauri kan ƙananan laifuka, wanda ya daɗe yana jiran dokar zartarwa. Sassaucin da shugaban ƙasa ya yi a Afrilu 2020 saboda korona ya shafi waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci ne kawai, masu jiran shari'a ba su shiga ciki ba.