Waiwaye: Abin da yaye ke yi wa hanjin ɗan alade

Idan aka ƙyale alade da 'ya'yanta, takan kai wata uku ko fiye kafin ta yaye su, suna shan nono suna koyon kiwo a hankali. Manyan gonakin Turai da Amurka ne suka mai da yayen mako uku zuwa huɗu, don uwar ta yi saurin sake ɗaukar ciki. Rana guda a raba ɗa da uwa, a haɗa shi da baƙin 'yan'uwa, a ajiye masa busasshen abinci. Da yawa sukan ƙi ci, sai gudawa ta biyo baya, galibi daga ƙwayar E. coli.

An daɗe ana rufe matsalar da magani. Ana zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don su yi saurin girma, har Suwidin ta hana haka a 1986, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2006. Manoma suka ƙara dogara da sinadarin zink mai yawa, shi ma aka hana shi a Tarayyar Turai a Yunin 2022. A ganina waɗannan hane-hanen sun taimaki ilimi, domin sun tilasta a nemi tushen ciwon.

Tun a shekarun 1980 madubin bincike ya nuna cewa 'yan tsirrai masu kama da yatsu da ke tsotse abinci a bangon hanji suna gajercewa kwanaki kaɗan bayan yaye. Wani ɓangare na dalilin kuwa sai da aka fara karanta ƙwayoyin gado ya fito. A 2004 masu bincike a Faransa suka nuna cewa ƙwayoyin gadon da ke tayar da kumburi, irin su IL-1β da IL-6 da TNF-α, suna ƙara aiki a hanji a kwanakin farko na yaye. Gadon kansa bai sauya ba, abin da ya sauya shi ne wanne aka kunna, wanne aka rage.

Binciken da ya fi taɓa ni shi ne na Adam Moeser da abokan aikinsa a Arewacin Karolina, Amurka, daga 2007. Sun gano cewa firgicin rabuwar kansa yana tayar da CRF, sinadarin da jiki ke fitarwa idan an shiga damuwa, wanda ke zuga wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, bangon hanji ya sassauta ya fara yoyo. Waɗanda aka yaye da wuri kuma, raunin kan bi su har bayan sun girma. Hanjin alade na kama da na mutum, shi ya sa masu nazarin lafiyar jarirai ma suke bibiyar wannan aiki.

An wallafa jerin ƙwayoyin gadon alade a 2012, yanzu ana auna dubban ƙwayoyin gado a gwaji ɗaya. Dokar Tarayyar Turai dai ta ce kada a yaye kafin kwana 28, amma ta yarda a rage kwana bakwai idan za a mai da 'ya'yan wani keɓantaccen ɗaki da aka tsabtace.