Gwajin Samfurin Takarda

Gwajin samfurin takarda hanya ce da masu ƙera manhajojin kwamfuta da na waya suke bi don gane ko mutane za su iya aiki da abin da suke shirin ƙerawa, tun kafin a rubuta shirin kwamfutar. Ana zana fuskokin manhajar a kan takardu, galibi da hannu, sannan a zaunar da wani daga cikin mutanen da ake yi wa aikin, a ba shi wani aiki ya yi, yana taɓa zanen da yatsa kamar yana gaban na'ura, yayin da wani ma'aikaci yake canza masa takardun daidai da abin da ya taɓa.

Tarihi

Da wuya a jingina ƙirƙirar wannan hanya ga mutum ɗaya, amma ana ganin ta fara bayyana a kamfanonin kwamfuta na Amurka wajen tsakiyar shekarun 1980, ta kuma bazu a shekarun 1990. Tushenta ya haɗa bincike daga wurare daban-daban. A 1982 Clayton Lewis na kamfanin IBM ya bayyana dabarar sa wanda ake gwaji da shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa a fili yayin da yake aiki, dabarar da ta samo asali daga binciken masana halayyar ɗan Adam, Anders Ericsson da Herbert Simon. A 1983 John Gould da abokan aikinsa a IBM suka wallafa sakamakon gwajin wata "tafireta mai sauraro": mutum yana magana, rubutu yana fitowa a allo, alhali wani magatakarda ne a ɓoye yake buga kalmomin. Wannan ya nuna cewa mutum zai iya tsayawa a madadin na'urar da ba a riga an ƙera ba. A 1985 kuma Gould da Lewis suka fitar da ƙa'idoji uku da har yau ake kafa hujja da su, wato a kula da masu amfani tun daga farko, a auna abin da suke yi a zahiri, a kuma yi ta gyara ana sake gwadawa.

A arewacin Turai abin ya biyo ta hanyar ƙungiyoyin ƙwadago ne. A aikin UTOPIA, wanda aka fara a 1981 a Suwidin da Denmak, masu bincike sun haɗa kai da ƙungiyar ma'aikatan ɗab'i don tsara kayan aikin shirya shafukan jarida. Da yake ma'aikatan ba sa gane bayanan fasaha da ake rubuta musu, sai aka koma ga kwali da katako da takarda. Pelle Ehn da Morten Kyng, biyu daga cikin masu binciken, sun ba da labari a 1991 cewa kwali ne kawai ake ajiyewa a tebur, an rubuta a jikinsa cewa na'urar buga takardu ce, ma'aikatan su yi aiki da shi kamar da gaske, su faɗi inda tsarin ya saɓa wa sana'arsu. A wannan shekarar Michael Muller na kamfanin binciken sadarwa na Bellcore ya gabatar da tsarin PICTIVE, inda masu amfani da masu zane suke zama tare da alƙaluma da guntayen takarda, ana ɗaukar su a bidiyo.

Maƙalar Marc Rettig ta 1994 a mujallar Communications of the ACM ce ake yawan ambata a matsayin wadda ta tallata hanyar ga masu rubuta manhaja, sai littafin Carolyn Snyder na 2003 wanda ya tattara ta daki-daki.

Yadda ake gudanar da gwajin

Kayan aikin ba su wuce na teburin ɗalibi ba: farar takarda, kati, fensir, almakashi, gam da leda mai haske da za a iya rubutu a kai a goge. Rettig ya raba aikin gida huɗu. Akwai mai tarbar baƙo, wato wanda za a yi gwajin da shi, da jagora wanda shi kaɗai yake magana da shi, da "kwamfuta" wato wanda yake juya takardun bai ce uffan ba, sai masu lura waɗanda suke rubuta kowace matsala a kati guda.

Misali, a ce wa baƙon ya sayi tikitin jirgi na ranar Talata. Idan ya taɓa gurbin kwanan wata, "kwamfuta" sai ya ɗora masa ɗan guntun takarda mai jerin ranaku. Idan ya zo rubuta sunansa, sai a miƙa masa alƙalami ya rubuta a kan ledar. In ya tsaya yana laluben maɓallin biyan kuɗi, ba a nuna masa, jagora yana tambayarsa ne kawai abin da yake tsammanin gani. Sau da yawa kafin baƙo na gaba ya shigo an yanke maɓallin an liƙa shi a wani wuri. Masu goyon bayan hanyar suna cewa mutane sun fi sakin jiki su kushe zanen fensir, domin suna ganin ba a sha wahala a kansa ba, kuma hankalinsu ba ya tafiya ga launi da kwalliya.

Adadin mutane da ingancin sakamako

A 1993 Jakob Nielsen da Thomas Landauer suka ƙiyasta cewa mutum guda yana bankaɗo kusan kashi 31 cikin ɗari na matsalolin tsari, saboda haka biyar za su kai kusan kashi 85. Ana jayayya a kan wannan. Laura Faulkner ta gwada mutum 60 a binciken da ta wallafa a 2003, ta ga wasu rukunonin mutum biyar sun gano kashi 99, wasu kuwa 55 kacal.

Game da takarda ita kanta, binciken Robert Virzi da abokan aikinsa na 1996 ya nuna cewa samfuri marar kwalliya da wanda ya yi kama da kammalalle suna fito da matsaloli kusan iri ɗaya.

Iyakoki da halin da ake ciki

Takarda ba ta nuna saurin na'ura, ko motsin hotuna, ko jan shafi da yatsa, kuma ba ta dace da gwaji daga nesa ba. Fitowar manhajojin zane irin su Balsamiq a 2008 da Figma a 2016 ta rage amfani da ita a kamfanoni, ko da yake ana ci gaba da koyar da ita a jami'o'i.