Auna aikin da ake yi a rumbun manhaja

Auna aikin rumbun manhaja hanya ce ta gane yawan aikin da aka yi wa wata manhaja, da waɗanda suka yi shi, ta duba tarihin da rumbun kod ke ajiyewa, wato ma'ajiyar rubutattun umarnin da aka gina manhajar da su. Yawancin rumbunan yau da Git suke aiki, manhajar adana tarihin gyare-gyaren kod wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, kuma da yawansu suna GitHub, shafin intanet na ajiye rumbuna da aka buɗe a 2008. Duk gyaran da aka ajiye, wato komit, yana ɗauke da sunan mai shi, da imel ɗinsa, da lokaci, da layukan da ya ƙara ko ya goge. Daga nan ake ciro alƙaluma.

Mafi sauƙi shi ne ƙirga komit da ƙirga layukan kod. Umarnin git shortlog yana jero sunayen mutane da komit ɗin kowa. Ƙirga layuka kuwa tsohuwar al'ada ce, a kanta Barry Boehm ya gina tsarin lissafin COCOMO a 1981 don kiyasta kuɗi da lokacin aiki.

Sai dai waɗannan alƙaluma motsi suke nunawa, ba amfani ba. Wani zai raba ƙaramin gyara gida goma ya samu komit goma, wani ya kwana uku yana farautar kuskure guda, ya gyara da layi ɗaya. Wanda ya goge layi dubu marasa amfani ma ya yi aikin kirki, amma ma'aunin layuka ragi zai rubuta masa. Ga kuma bot, wato manhajar da ke aiki da kanta, irin Dependabot, da ke zuba komit ba ɗan Adam a bayansa. Koren akwatunan da GitHub ke nunawa a shafin mutum don nuna ranakun da ya yi aiki ma suna da sharaɗi: sai imel ɗin komit ya dace da na asusunsa, gyaran kuma ya shiga babban reshe, wato ainihin kwafin kod ɗin da ake haɗa gyare-gyare a cikinsa.

Shi ya sa aka fito da wasu ma'aunai. Shirin CHAOSS, da aka kafa a 2017 ƙarƙashin gidauniyar Linux Foundation, yana duba lafiyar jama'ar da ke riƙe da manhaja, har da tambayar mutum nawa ne in suka tafi aikin zai tsaya. DORA kuwa, ƙungiyar bincike kan yadda ake fitar da manhaja, ta fi damuwa da yawan fitar da sabon aiki, da tsawon lokacin da gyara ke ɗauka kafin ya kai ga masu amfani.

A Damagaram akwai ƙarin abin lura. Git ba ya buƙatar intanet wajen ajiye komit, don haka ɗalibin Jami'ar André Salifou kan iya tara komit na mako guda a kwamfutarsa, sai ranar da rezo ya yi kyau ya tura su gaba ɗaya zuwa rumbun da ke intanet. Kowane komit yana riƙe da ranarsa ta asali, amma ma'aunin da ke ƙirga turawa kawai zai nuna kwana shida ba a taɓuka komai ba. Kod ɗin da abokan aiki ke miƙa wa juna ta WhatsApp ko a kile USB kuwa, ko kaɗan ba ya shiga lissafi sai wani ya zuba shi a rumbun, kuma da sunan wanda ya zuba zai fito.